Guduma da Turken Tanki

Taurin kai mugun ciwo ne, balle in ya haɗu da son a gani. Su biyun ne suka taru suka kayar da Guduma.

Guduma ɗan damben keji ne, irin wanda ake kulle ƙarti biyu cikin raga su yi ta naushi da shuri da kokawa. Ba wanda ya sa masa wannan suna, shi ya raɗa wa kansa. Makaminsa ɗaya ne, shurin ƙafar dama a cinyar abokin karawa. Da shi ya kwantar da mutum shida, saura faɗa ɗaya ya ɗauki kambu.

A ɗakin horo buhuna huɗu ne a rataye. Koci, mai horar da shi, ya ce a shuri buhu kwana biyu, a huta ɗaya. Guduma ya ce buhu na masu laushin ƙashi ne. Sai ya zagaya bayan ɗakin, inda turken ƙarfe ke ɗauke da tankin ruwa. Kullum da safe ya jingina waya da bulo, ya kunna bidiyo, ya yi ta maka wa turken ƙwauri sai ya cika ɗari, sannan ya watsa wa duniya ta gani.

Ran nan Koci ya same shi a kai. Ya ce, "Kai Guduma, turken nan zaginka ya yi?"

"Ƙashi nake gasawa, Koci. Yanzu ko zafi ba na ji."

"Gawa ma ba ta ji, ɗan nan. Koma kan buhu."

Bai koma ba. Ga shi kuma ya rage ci don kada ya wuce nauyi ranar awo, ya bushe kamar kara.

Yayarsa ma'aikaciyar jinya ce. Saura mako uku a yi faɗan ta ga yana hawa matakala yana cije leɓe. Ta ja shi asibiti aka ɗauki hoton ƙashi, ta ɗaga hoton a hasken taga. Ga wani siririn layi nan kwance a tsakiyar ƙwauri.

Ta ce, "Ka gani? Ƙashin ya tsage. Likita ya ce mako takwas ba shuri."

Guduma ya leƙa, ya taɓe baki. "Haba Yaya, wannan ai gashi ne ya faɗa kan hoton."

"Gashin wa? Kai ƙwal kwabo, mai ɗaukar hoton ma sanƙo gare shi."

Ya naɗe hoton ya tura ƙarƙashin katifa. Ranar awo ya haɗiyi maganin kashe zafi, ya yi tsalle uku a gaban likitan wasa, aka ce lafiyarsa lau.

Wanda zai kara da shi Tela ne, mutum shiru-shiru, da rana yana kan keken ɗinki, da yamma yana horo. Bai yi wahalar bincike ba, tunda Guduma ya raba sirrinsa kyauta. Ya zauna a shago ya kalli bidiyon nan kakaf, ya lura duk sanda Guduma zai yi shuri sai ya fara buga ƙafar hagu a ƙasa. Saboda haka abu ɗaya kawai Tela ya koya, ɗaga gwiwa.

Aka kulle keji, aka buga ƙararrawa. Guduma ya juya ya ɗaga wa 'yan kallo masu ɗauka da waya hannu tukuna. Ya matso, ya buga ƙafar hagu, ya saki dama da duk ƙarfin da Allah ya ba shi. Tela ya ɗaga gwiwa. Ƙwauri ya sauka a kanta, aka ji ƙas, kamar an taka busasshen ice. Guduma ya ja baya zai taka, ƙafar ta lanƙwashe a inda babu gaɓa. Tela bai kai naushi ko ɗaya ba, aka ɗaga hannunsa.

Da Guduma ya farfaɗo daga tiyata, Yaya na tsaye a kansa da sabon hoto. Ta ce, "Ƙanena, duba mini da kyau, wannan ma gashi ne?"

Ga abin da taurin kai ya ci masa. Ƙasusuwan ƙwauri biyu sun karye, an ɗaure su da ƙarfe da ƙusa shida. Wata goma sha huɗu ba keji. Kambu yana rataye a shagon Tela, kusa da almakashi. Faɗan da ya yi shekara uku yana jira, daƙiƙa goma sha tara ya ɗauka, kuma cikin duk bidiyonsa ba wanda aka kalla kamar wannan. Turken tanki kuwa yana nan tsaye, ko fenti bai kankare ba.