Ƙarfen Gadon Iya

"Kai ka karya ƙafar ɗana, Injiniya. Ba ruwa ba ne, ba mota ba ce. Kai ne."

Iya ta faɗi haka tana tsaye a bakin gareji, ko sallama ba ta yi ba. Injiniya yana kwance a ƙarƙashin wata mota, ƙafafunsa kawai ake gani. Ya turo jikinsa waje a hankali, ya miƙe yana goge hannu da tsumma. Ɗan ƙanin mijinta ne, kuma ita ta goya shi wata bakwai lokacin da uwarsa ke jinya.

"Iya, ina kwana? Yaya mai jiki?"

"Mai jiki yana inda ka kwantar da shi. Riƙe gaisuwarka, ba ita ta kawo ni ba."

Mutum uku da ke zaune a kan benci suna jiran gyara suka juyo suna kallo.

Motar da ake magana a kanta tsohuwar jif ce mai ja da taya huɗu. In damina ta sauka, ita kaɗai ke iya ratsa fadama ta ƙetare rafi zuwa ƙauyukan da ke can baya. Marigayi mijin Iya ya tuƙa ta shekara ashirin. Iya ba ta san baƙi ko ɗaya ba, amma ta san motar nan kamar yadda ta san ɗakin girkinta. Ta san altaneta, abin nan da ke cika batir da wuta in inji yana aiki. Kamfani ya ɗaura shi can ƙasa, kusa da tayar gaba, daidai inda taɓo ke watsowa. A damina ɗaya taɓo ya kashe wa marigayi guda uku.

Ranar da na ukun ya mutu, mijin ya dawo gida ya tsaya yana kallon gadonta na ƙarfe, koren nan da ta zo da shi. Kafin ta gane me yake nufi ya ɗauko zarto ya yanke ƙarfe guda daga ƙasan gadon. Ya kai wa Mai Walda, suka lanƙwasa shi, suka yi masa walda, suka huda shi wuri uku, suka ɗaga altaneta sama kusa da kan inji. Suka nemo fambel mai tsawo, wato bel ɗin da ke juya shi, suka ƙara wa wayoyi tsayi. Sati biyu Iya ba ta yi masa magana ba, kuma har yau bulo ke tokare da gadon. Amma daga ranar, shekara goma sha takwas, motar ba ta sake kwana a fadama ba.

Da ya rasu, ɗansu Auta ya gaji sitiyari. Sati uku da suka wuce ya kawo motar nan garejin a juye mata mai, don ɗan uwa ne, wa zai kai wa bare? Injiniya mai takardar shaida ne, ga ta can a bango cikin gilashi. Ya buɗe bonet, ya ga koren ƙarfe, ya yi dariya. Ya duba hoto a wayarsa, ya kwance ƙarfen, ya mai da altaneta inda kamfani ya sa shi. Auta ya ce Baba ne ya sa shi a sama. Injiniya ya ce, "Baba ya fi waɗanda suka ƙera motar sani ne? Kai dai tuƙi ka iya, ka bar wa masu karatu aikinsu." Auta ƙani ne, ya ƙyale shi. Bayan kwana biyar jar fitilar gargaɗin batir ta kama a gaban sitiyari. Auta ya dawo gareji. Injiniya ya ce waya ce ke wasa, ya yanki baƙin salatif ya liƙe fitilar.

Ranar Laraba motar ta yi tari a tsakiyar rafi ta mutu. Ta sha yin haka, murza makulli sau ɗaya ke tashin ta. Wannan karon Auta ya murza, ya ji ƙyas. Batir ba wuta ko ta kunna ashana. Ya goyo fasinjoji ɗaya bayan ɗaya ya fitar da su, har da wata mai tsohon ciki. Ya koma zai sa wa taya dutse, ruwa ya turo motar ta danne masa ƙafa. Duk wannan a gadon asibiti ya faɗa wa uwarsa, yana cizon leɓe.

"Iya, ƙaddara ce," in ji Injiniya. "Ni mai kawai na juye. Yaron nan ganganci ya yi, ya faɗa ruwan da ya fi ƙarfinsa. Kowa ya sani."

"Kowa ya sani domin kai ka bi tasha kana faɗa."

Abin da ya hana ta zama ke nan. Da azahar ƙungiyar direbobi za ta zauna, kuma a kan maganar Injiniya za su karɓe hanyar fadama daga hannun Auta su ba wani. Ɗanta zai tashi daga jinya da ɗingishi, ba hanya, ga sunan direban da ya kusa halaka mutane.

"Altaneta fa?" ta ce. "Wa ya sauko da shi?"

"Tun da na san motar a nan yake." Ya dubi na kan benci ya ɗan murmusa. "Iya, ke da altaneta kuma? Ki bari in sa a kai ki gida, rana ta fara zafi."

Ɗaya daga cikinsu ya yi dariya ƙasa-ƙasa. Iya ta juya za ta wanke shi tas, sai idonta ya faɗa kan ƙofar gareji. Ƙofar kwano ce mai son rufe kanta, an tokare ta da wani lanƙwasasshen ƙarfe. Baƙin mai ya rufe shi, amma a gefe ɗaya fenti na leƙowa. Kore.

Ta sunkuya, gwiwoyinta suna ƙara, ta fizge shi. Ƙofar ta rufo garam. Ta goge shi da bakin zaninta, ta ƙirga hudojin da yatsa. Uku.

"Gadona," ta ce. "Gadona ka mayar abin tokare ƙofa."

"Ƙarfen bola ne wannan, Iya. Ba ni nan."

"Taɓa ni ka gani. Bayan nan da ya goya ka bai mutu ba tukuna."

Ta fita ta leƙa rumfar da ke maƙwabtaka. Mai Walda yana zaune da baƙin tabarau a goshi, tsufa ya rage masa gani. Tun ranar Laraba bai ce wa kowa komai ba, don shi da Injiniya katanga ɗaya ce tsakaninsu.

"Tashi, abokin marigayi. Za ka raka ni tasha."

"Ni fa ba na shiga rigimar dangi."

"Ranar da kuka yanka mini gado ba ka ce haka ba. Shayi ma ka sha a gidana. Tashi."

Ya tashi.

Ofishin ƙungiya ɗaki ɗaya ne a ƙarshen tasha, da tebur da fanka mai kuka. An jawo jif ɗin an ajiye ta a gabansa, taɓo ya bushe a jikinta ya ja layi tun daga gaba har baya. Direbobi sun fara taruwa. Ciyaman, wani mai ƙiba da ba ya rabuwa da tsinken sakace, ya fito da ya ji hayaniya. Injiniya ya biyo su a baya, yana cewa a yi mata uzuri, tashin hankali ne.

"Iya, wannan zaman na 'yan ƙungiya ne," in ji Ciyaman.

"To ku zauna. Ni a tsaye zan yi tawa. A buɗe mini bonet."

Wani direba ya buɗe. Iya ta matsa ta jingina jikinta da motar.

"Ni ban yi makaranta ba, ban iya awo ba. Amma ku duba. Ina taɓo ya tsaya mini?"

"Ƙugunki," in ji direban.

"Ƙuguna. Sau nawa mijina ya ratsa ruwan da ya kai nan? Ciyaman, kai kana kwandasta a lokacin, kana maƙale a baya kana salati. Ƙarya nake?"

Aka kwashe da dariya. Ciyaman ya cire tsinken daga baki.

Ta nuna can ƙasa. Altaneta na nan daidai gwiwarta, taɓo ya cika shi dam, ko ramukan shan iskarsa ba a gani. Sannan ta ɗaga hannu zuwa ƙirjinta, ta nuna gefen inji. A wurin akwai ramukan noti uku, da wani shaci mai haske a jikin ƙarfe, inda wani abu ya daɗe a manne. Taɓo bai kai wurin ba, da saura fiye da taƙi guda. Ta ɗora koren ƙarfen. Ya zauna cif, huda a kan huda.

Direbobi suka matso suna leƙe.

"Mai Walda, wannan ɗinkin na wane ne?"

Tsohon ya karɓa, ya bi waldar da babban yatsa. "Nawa ne. Hannuna bai fara rawa ba a lokacin." Ya dubi Injiniya. "Kuma ina zaune yaron nan ya kwance shi. Na ce masa ya bari. Ya ce zamaninmu ya wuce."

Iya ta zagaya ta buɗe ƙofar direba, ta sa farce ta ɓare baƙin salatif daga gaban sitiyari. Ta manna shi a kan aljihun rigar Injiniya.

"Ga naka. Ka manta shi."

"Haka kamfani ya tsara!" Muryarsa ta tashi. "Yana nan a littafi. Ni abin da aka koya mini na yi."

"Kamfanin ya taɓa ƙetare fadamarmu? Littafin ya taɓa jiƙewa? Kuskure ne, na ji, kowa na yi. Amma da ka ga ɗana a kwance, sai ka ɗauki laifinka ka ɗora masa a kan karyayyar ƙafa. Wannan ma a littafin yake?"

Ciyaman ya yi gyaran murya. "To, Iya, an gane. Abu ne na cikin gida. Ki yi haƙuri, ku je ku sasanta, Allah ya kiyaye gaba."

"Da za ku karɓe hanyar ɗana, a cikin gida za ku karɓe? A nan za ku yi, gaban kowa. To a nan nake so."

Ta karɓe ƙarfen daga hannun Mai Walda, ta shiga ofis ta buga shi a kan tebur har fanka ta ji. Ta ja kujerar Ciyaman ta zauna.

"Ba na son haƙurinsa, ba na son hawayensa. Hanya ta Auta ce, a bar masa har ya miƙe. Wannan ƙarfen, da hannunsa zai mayar da shi, Mai Walda na tsaye a kansa. Takardar nan ta cikin gilashi ya sauke ta, tunda ya iya sauke abin da wasu suka ɗaga. Sannan ya bi tashar nan mota-mota, duk kunnen da ya zuba wa ƙarya ya koma ya kwashe ta. Ciyaman, ku kira shi ciki. Ya tsaya a nan, ya dubi idona, ya faɗa da bakinsa wa ya karya ƙafar ɗana. Ba zan tashi daga kujerar nan ba sai ya amsa."