Daga Hagu Yake Zuwa

…kuma daga hagu. Daga hagu ya sake zuwa. Ta ina ya bi? Na kashe injin, na nutsa da jirgin can ƙasa, na sa mutanena kowa ya yi tsit — a wasan nan akwai maɓallin da za ka danna duk jirgin ya ɗauke numfashi — na zauna a kujerar mai saurare ina juya 'yar sitiyarinsa a hankali, a hankali, ruwa yana ta shuu a kunnena. Dama, babu komai. Gaba, wani jirgin dakon kaya can nesa, farfelarsa na bugawa kamar mace ɗaya tana daka ba ta sauri. Wannan na ji shi sarai. Sai kawai allon kwamfuta ya girgiza, fitilu suka koma ja, ruwa ya fara tsartuwa daga bututu. Jirgin farauta yana bisa kaina yana zubo gangunan bam, ni kuwa ban ji zuwansa ba. Ni fa. Maitama mai haɗa sauti, wanda a situdiyo idan mai karanta labarai ya haɗiyi yawu a tsakiyar magana sai na ɗaga masa hannu.

Wasan ne. Wataƙila sun ɓata shi da gyaran da suka turo. Ko hedifon ɗin… ai ya tsufa, fatarsa duk ta sale, tun muna tsohon ofis nake sa shi. Waya ce ta tsinke a ciki, gefen hagu. Haka ne. Haka ne mana.

To juya shi.

A'a, bari tukuna. Bari in sake farawa daga inda na ajiye.

Ga jirgina na ƙarƙashin ruwa nan, ya dawo lafiyarsa ƙalau, yana shawagi a kan teku da hantsi. Kai, amma Jamusawan zamanin yaƙin duniya na biyu sun iya ƙira. Dubi jikinsa, siriri, ba ƙari ba ragi, ba a sa masa ko ƙusa ɗaya don ado ba. A sama ya yi tafiya da man dizal, a ƙasa ya koma kan batir, ya cika tankunansa da ruwa ya nutse, ya hura musu iska ya taso. Wa ya fara zama ya yi wannan tunanin? Mutum wajen hamsin a cikin bututun ƙarfe, gado ɗaya mutum biyu, wannan ya tashi wancan ya kwanta tun ɗumin bai huce ba. Bayan gida biyu ne, ɗayan an cika shi da abinci sai an cinye za a samu shiga. Burodi ya yi funfuna, su yanke bayan su ci cikin. Ba wanka, ba aski, warin mai da zufa, makonni a haka. Ba don shugaban da suke yi wa yaƙi ba, Allah ya kiyaye — mutumin da in ya gan ni ba zai ƙirga ni cikin 'yan Adam ba, kuma waɗanda suka nutsar ɗin ma 'ya'yan wasu ne, masu dakon alkama da mai. Na sani. Ina sane. Amma aikin hannun nan, da juriyar yaran nan… cikin kowane huɗu, uku ba su dawo ba, kuma waɗanda suka rage sun ci gaba da shiga. Ina jinjina musu, ba zan ɓoye ba.

Longji ne ya jefa ni cikin wasan nan. Abokina ɗan Filato, nas ne a wani asibiti ta wajen garin Manassas, a nan ƙasar wajen da muke zaune, shi da ko iyo bai iya ba. Da aka rage mana ranakun aiki a gidan rediyo ya ga ina ta zaman kashe wando a falo, ya ce, "Oga Maitama, gwada wannan. Kai da kake da kunne, za ka cinye su duka." Na kuwa cinye su. Watannin farko ko madubin leƙe ba na ɗagawa. In rufe ido in ce, jirgin kaya ne, mai nauyi, yana tafiya gabas. In ce, wannan na yaƙi ne, ji yadda farfelarsa ke sauri kamar injin markaɗe. Longji ya riƙe baki yana dariya.

Ƙamshin albasa. Matata Turai tana kicin. Asabar ce, miyar kuka za ta yi ko taushe? Da can sai ta leƙo ta tambaye ni wacce nake so.

Mai saurare. A duk jirgin shi ne mutumina. Yana zaune a wani ɗan lungu kusa da kyaftin, hedifon a ka, hannu a kan sitiyari. Da zarar an nutse, ido ya gama aiki. Kyaftin da farar hularsa sai ya tsuguna a bakin lungun yana kallon fuskar mai saurare, kowa na jira ya ɗaga yatsa. Kunne yana kai wa inda ido ba ya kaiwa, ayarin jirage yana can bayan inda sama ta haɗu da ruwa amma shi ya riga ya ji gunjinsu. Aikina ke nan fa. Shekara da shekaru ina bayan gilashi, ba wanda ya san sunana a Kano ko Maraɗi, amma duk muryar da ta isa rediyon mai shayi ta kunnena ta bi. Ranar Litinin ma akwai ɗaukar shiri. Makon jiya furodusa ta waigo ta ce, wannan tsuwwar fa a ƙarƙashin muryar baƙon? Wace tsuwwa? Na ce ina sane, zan cire. Na cire ta da ido, ina kallon layin sauti a allo. Da ido, Maitama.

Shiru… juya sitiyarin. Dama. Gaba. Hagu — shuu kawai. Ko shuu ɗin ma akwai shi? Ko ni nake ƙara shi da kaina?

Su ma mutanen jirgin suna da wani waje da ba sa ji. Bayan jirgin, inda farfelarsu take, ƙarar kansu tana toshe komai. Sun san da haka, ba su yi musu ba, ba su ce na'urar ce ta lalace ba. Sai kyaftin ya riƙa karkata jirgin jifa-jifa, ya ɗan juya shi gefe don mai saurare ya ji abin da ke biye da su. Dabara mai kyau. Mai sauƙi, mai kyau. A masallacin Juma'a jiya wani ya yi min magana na ga na juyo masa da kafaɗata gaba ɗaya. A layin biyan kuɗi a shagon 'yan Afirka na Wheaton ma haka. Yaushe na fara karkata? Wayar ma a dama nake kara ta yanzu, ni da na saba riƙe biro da dama, waya a hagu.

Tsufa ne? Wane irin tsufa, gashina ma bai gama fari ba.

Kuma akwai ɗaya a nan kusa. A nan, cikin kogin Potomac, jirgin ƙarƙashin ruwa na Jamus na gaske, kwance a laka. Bayan yaƙi aka kawo shi, aka yi gwajin bam a kansa, aka bar shi a can. Da bazara muka tuƙa ni da Longji har inda kogin ya buɗe ya zama kamar teku, muka tsaya a gaɓa. Ba abin gani sai wata 'yar alama tana lilo a kan ruwa can nesa. Longji ya ce, "Wannan muka ƙona mai muka zo gani?" Ni kuwa tsigar jikina tashi take. Don wannan ba kamar sauran ba ne. Fatar roba suka yi masa, baƙa, mai ƙananan ramuka a ciki. Masu farauta suna jefa ƙara cikin ruwa, ƙarar ta bugi ƙarfe ta dawo musu, da haka suke gane inda kake. Shi kuwa ƙarar ta zo, robar ta shanye, ba abin da ke komawa. An ce ya taɓa kwanciya a ƙasan teku fiye da yini guda ana nemansa, ana ta kira, bai amsa ba. Na tsaya a gaɓar nan ina cewa, kai, wannan basira! A kira ka, a yi ta kiranka, kai kuwa…

"Magana da kai da magana da bango duk ɗaya."

Ba da faɗa Turai ta faɗe shi ba. Da ma da faɗa ne. Tana naɗe sallaya ta faɗa, ko kallona ba ta yi ba.

Daga sunan jikar su Longji muke dawowa, rana tsaka, ita ke tuƙi don na ce kaina na ciwo. Mai tuƙi kuwa a hagu yake. Ina kallon bishiyoyi ta taga, hanya na ta gunji, ina tunanin ko me. Da muka tsaya a wutar hanya na waigo sai na ga hawaye har haɓarta. Na ce lafiya? Ta ce, "Shi ke nan, Baban Aliyya. Tunda ba ka da abin cewa." Me aka ce? Ban tambaya ba — ta yaya zan tambaya, in ce duk abin da kika faɗa ban ji ba, ni da ji ne sana'ata? Sai bayan kwana biyu na tsinta a bakin 'yarmu Aliyya, da ta bugo daga makaranta tana tambaya cikin Turancinta ko jikin Hajiya ya yi sauƙi. Mahaifiyar Turai. Tana kwance a Katsina, ba ta gane mutane. Matata ta buɗe baki ta faɗa min uwarta na tafiya, ni ina kallon bishiya.

Na ba ta haƙuri. Na ce hankalina ne ya yi nisa. Wannan ya fi muni, ashe. Hankalinka ya yi nisa ina faɗa maka uwata?

A gado ma a haguna take kwana. Tun Kaduna, tun gidan haya na farko. Sau nawa ta yi magana cikin filo, irin maganar da ba a yi sai an kashe fitila, ta jira, ta ji shiru, ta juya baya? Sau nawa? Jakarta na nan a bakin ƙofar ɗaki, ta fara zuba kaya. Jibi za ta tashi zuwa Katsina. Ba ta ce in raka ta filin jirgi ba. Ko ta ce?

Ko ta ce…

Ga jirgin farauta nan kuma, allon ya nuna alama ja. Yana kusa. Wasan ya san yana nan, mutanena na cikin kwamfuta duk sun ɗaga kai suna kallon rufi, suna jin abin da ban ji ba. Sun cire takalma suna tafiya da safa. Kyaftin ya tsuguna a bakin lunguna yana kallona.

Duk wanda ya zo koyon aiki wurina, abin da nake fara nuna masa ke nan. In gefe ɗaya ya mutu, kada ka kira injiniya, kada ka zagi kamfani. Cire hedifon, juya shi, na dama ya koma hagu. In shirun ya bi hedifon ya koma ɗaya gefen, kayan aiki ne, a sayo wani. In kuwa shirun ya tsaya inda yake… Ina faɗa ina dariya. Ba ya ɗaukar ko minti ɗaya. Mako nawa yanzu ina sake wasa daga farko don kada in yi shi?

Na kai hannu kan hedifon. Abin kunya. Yaran can sun shiga bututun ƙarfe suna sane da lissafin, ni na kasa juya hedifon.

Bismillah.

Fiu-fiu-fiu-fiu — ga shi! Ga farfelar, da sauri, da ƙarfi, tas a kunnen dama, daga ɓangaren da na ce wayarsa ta tsinke. Lafiyarsa ƙalau. Bai taɓa lalacewa ba. Yana ta aikinsa duk watannin nan, yana zuba min gargaɗi a kunnen da…

Hagu kuwa shiru. Shirun bai motsa ba.

Bam na sauka, allo na girgiza, bar shi ya nutse. Akwai inuwa a kan tebur, ta gefen hagu. Turai ce a bakin ƙofa, ludayi a hannunta, miyar da ke jikinsa har ta fara bushewa. Bakinta na motsi, a hankali, irin na wanda ya gaji da maimaitawa. Tun yaushe take tsaye a nan? Me take cewa?

Tsaya, Turai. Kada ki juya. Bari in karkato miki da ɗaya gefen… sake faɗa. Daga farko. Daga cikin mota.