Saɓar Saartje

Marrit ta ajiye robar man shanu a kan teburin Kawu Wiebe, ko rigar ruwanta ba ta cire ba. A ciki akwai saɓar Saartje, ƙatuwar gizo-gizon nan mai gashi da mijinta Sjoerd ya rasu ya bar mata wata bakwai da suka wuce.

"Cuku kika kawo min, ko gawa?" in ji tsohon. Sai ya ji abin da ya faɗa, ya yi tari. Shi ne ƙanin mahaifiyar Sjoerd, shi ya koya masa kiwon irin wannan gizo-gizon da ake kira tarantula.

"Jiya ta yi saɓa, Kawu. Tun jiyan kamanninta suka sauya."

Ya jiƙa fatar a ruwan sabulu har ta yi laushi, ya buɗe cikinta da hantsaki, ya kara madubin ƙara girma. Marrit na kallon ruwan sama yana bin taga. Ta tuna a asibitin Leeuwarden, Sjoerd ya riƙe yatsunta ya ce, "Saartje mace ce, Marrit, shekara ashirin da biyar za ta yi. Kafin ta tafi kin manta kamannina." Har dariya ta yi ranar.

"Mace tana da ɗan leɓe a nan, tsakanin fararen tabon nan biyu," in ji Wiebe. "Kin ga wani abu?"

"A'a."

"Nuna min hotonta na yau."

Ta miƙa masa waya. Ƙafafu sun yi tsawo, ga ƙugiya a na gaba.

"Shashashan yaro! Sau nawa na ce wa Sjoerd leƙen ciki ta gilashi da tocila don gane mace ko namiji caca ce? Saɓa ce ba ta ƙarya." Ya cire tabarau yana gogewa. "Namiji ne, 'yata. Kuma ya balaga."

"Saura nawa ya rage masa a duniya?"

"Shekara, in ya yi ƙoƙari. Zai rage ci, ya yi ta zagaya gilashi yana neman mace. Akwai wata mata a garin Drachten mai macen irinsa, sai a kai shi, in an samu 'ya'ya ku raba biyu. Amma amaryar tana iya cinye shi, ban ɓoye miki ba."

A bas ta jira kuka kamar mai jiran wani a tasha. Bai zo ba.

A gida ta tsaya gaban akwatin gilashin da Sjoerd ya haɗa da hannunsa. Duk abin da ya bari mai numfashi yana cikinsa. Ta tuna yadda shi ma ya riƙa bin tagar asibiti da ido.

Ta wanke robar, ta shimfiɗa jiƙaƙƙiyar takarda, ta huda murfin da allura mai zafi. Ta kira Wiebe a waya.

"Yaushe za a kai shi, Kawu?"

"Sai jikinsa ya yi ƙwari, nan da sati uku. Ki rubuta namiji a murfin, kada a sake ruɗewa."

Ta ɗauki biro, ta daɗe riƙe da shi. Sannan ta rubuta: Saartje.