Kakakin da Na Kunna wa Angona

...kuma ko da taɓarya ta faɗi gab da shi bai firgita ba. Bai firgita ba, Malam. Jakin gidan Kadi ya yi kukan da har kaji suka watse, shi ko gizau, idanu ƙur a sama. Jikanmu na fari. Angona. Kowa cewa yake yaro mai haƙuri, ya gado kakansa. Kai ɗin? Kai da ko ƙofar mota aka buga sai ka zabura?

Ban faɗa wa kowa ba. Uwar tana bayan ɗaki, ga ƙarar ruwan zafi da ganyen darbejiya, wankan jego... Ɗiyar fari, ko sunanta ba na kamawa, da wane baki zan ce mata ɗanki kamar ba ya ji? Ni da lakol ɗina bai wuce aji huɗu ba. Wataƙila tsoro ne irin nawa. Ka sha faɗi, "Asama'u, ke ko inuwarki ta yi tari sai kin nemi likita."

Shi ya sa na ciro kaset ɗinka daga ƙasan adaka. Na sa wa rediyon sabon batir, na naɗe zaren da bik ɗin rubutu yadda kake yi. Tun ranar da aka kai ka makwanci ban... a'a, bar wannan.

Makaɗan nan naka, baƙaƙen Amurka. Ban taɓa gane kalma ɗaya ba. Hanyar Cadawa zuwa Agiye, fijo shaƙe da buhunan aya, fasinja na "Direba rage mana, da tsofaffi a ciki," kai kana dukan sitiyari kana cewa na farkonsu ne wannan, tun suna da yunwa. Daga baya suka ƙoshi, kiɗan ya narke kamar man shanu a rana, ka ce ba ruwanka da shi. Wannan ko... ganga busasshiya, tas, tas, kamar ana sussukar gero. Gitar nan mai kaurin murya tana tafe ƙasa-ƙasa, takun bijimi mai ƙiba. Wani can baya yana ihu, wani na dariya, haka suka bar abinsu. Sai a yi tsit... sai kakaki su fashe gaba ɗaya!

Ina da cikin uwar yaron nan, daidai nan take harbina a ciki. Ka tuna? Ka saki sitiyari kana ƙyaƙyatawa, "Wannan da rawa za ta fito." Gaban mutane! Na ja gyale na rufe fuska.

To ga ɗanta. Na aza rediyon bisa gadon ƙarfe, kusa da kansa. Kiɗa a ɗakin jego, Allah Ka yafe ni, maƙwabta su ce tsohuwa ta zare. Na danna.

Ssss... ganga. Gitar. Ƙirjina na bin su. Tashi mu taka, angona, kakanka ya bar maka ni ba ko sadaki. Tsit ɗin na zuwa. Yanzu. Yanzu...

Ya motsa! Yatsun ƙafa sun buɗe, ya dunƙule hannu. Alhamdu lillahi, Malam, ya...

Tsaya. Tafina na kan ƙarfen gado. Ƙarfen rawa yake, ina jin sa har gwiwar hannu. To kunnensa ne ya ji, ko bayansa? Ita ma a cikina, kakakin ne, ko girgizar fijo?

In ɗauke rediyon, in mai da zaren baya, in riƙe shi sama kada ya taɓa komi. Shi ke nan. Sai in sani.

Ruwan wankan ya daina zuba.

"Inna, mi nike ji haka? Ba kiɗan Baba ba ne?"

Rediyon na hannuna, yatsana na kan maɓalli. Nauyi gare shi, Malam. Da can bai kai haka nauyi ba...