Tiyon Birkin Motar Auta

'Ya'yana biyu duk sojoji ne. Babban makanike ne a garejin bariki, Auta kuma direba. A gidan babban nake zaune.

Ranar ya shigo da rana, aka sa abinci, ya yi ta juya cokali.

Na ce, "Kai, mene ne?"

"Ba komai, Inna."

"Ni na haife ka. Faɗi."

Ashe oganninsu sun hana sayen sababbin kaya, wai tsimi ake yi. In mota ta lalace, sai a ciro na matacciya a sa mata. Tiyon birkin da ya ɗaura wa motar Auta ya tsattsage, da roba ya naɗe shi. Kuma gobe Auta zai kwashi mutane ya bi hanyar dutse.

Ko takalmi ban tsaya nema ba, silifas ɗin matarsa na zura. Ya biyo ni yana "Inna, ki rufa min asiri."

A garejin ga motoci birjik a kan duwatsu, wata ba taya, wata ba ƙofa. Wani saje mai tumbi ya ce, "Mama, an zo duba mu ne?"

"Tumbinka na zo dubawa. Shi ba a yi masa tsimi ba."

Na kama ƙarfen motar Auta, na yi bismilla, na haye na zauna. Na ce wa babban, "Tayar. Kai ni gangaren bayan bariki, ka taka birki in gani."

"Inna, sauko don Allah."

"Ai ka gyara ta."

"Ba zan ɗauke ki a cikinta ba."

"Au! Uwarka ba za ta shiga ba, sai ƙaninka da 'ya'yan mutane? Ranar lahira ogan naka ne zai amsa maka?"

Saje ya ce umarni ne daga sama.

"Sama akwai Allah. Yi min shiru."

 Sai babban ya shige ƙarƙashin motar, ya kwance tiyon, ya datsa shi biyu da wuƙa don kada wani ya mayar, ya ajiye a gaban saje.

Sun kulle shi a gadurum, sun cire masa igiya ɗaya daga kafaɗa. Motar ba ta fita ba. Matarsa ta daina yi min magana, ta kanta. Auta ne ke riƙe min kwano in za mu kai masa abinci.