Batirin Hezekiya

Siman ne ya kashe mini batir, kuma ubansa Jang ya sani. Na faɗa a tsakar gidansu, in ta kama zan faɗa a coci.

Motar a-kori-kura ce, mijina Hezekiya ya mutu ya bar mini. Da ita nake zuwa mayanka ta Abattoir da sassafe in ɗauko kayan ciki, in dawo Anguwan Rukuba in ɗora farfesu. Ban iya tuƙi ba, shi ya sa na ba Siman makulli, ɗan ƙanen mijina ne. Amma kula da batir na iya, don na ga yadda marigayi yake yi. In farin abin nan mai kama da kanwa ya fito a kansa, a zuba ruwan zafi, a goge, a shafa giris. In ruwan ciki ya ja baya, na kwalba ake saya wajen masu batir. In mota za ta kwana biyu ba aiki, a cire kai ɗaya. Duk na gaya wa Siman. Ya ce, "Mama, zamani ya wuce wannan."

Sai mota ta fara ƙin tashi. Ya murɗa makulli, ta yi tari ta yi shiru. Ya ce sanyin Jos ne. Na ce sanyin Jos bana ya zo? Haka muke turawa, ni da tsufana, zane na kwancewa, masu keke na dariya. Kafin mu isa rana ta take. Mahaucin da ke ajiye mini kaya tun Hezekiya na raye ya yi haƙuri har ya gaji. Ran Litinin ya ce, "Maman Loyis, kayan ciki ba ya jiran mutum. Na ba Gertrude." Gertrude da ta kafa tukunya a jikin rumfata.

Na sa aka cire batirin, na kai Gada Biyu wajen Hyginus mai caji. Yana gani ya yi dariya.

"Mama, ai na san wannan. Duk Asabar da yamma yaronki ke kawo shi ko numfashi babu."

Ya buɗe murafan batirin ya nuna mini jar laka kwance a ciki.

"Ruwan rijiya ne. Na hana shi, ya ce ruwa ruwa ne. Wannan ya gama aiki."

Ashe duk Asabar da na ba shi hutu, cirewa yake ya kai wa matasan coci su haɗa lasifika su yi wa'azi a bakin kasuwa, sai sun tsotse shi tas. Nan na tuna wandonsa da na gani a igiya, duk huji a cinya. Na zargi ɓera, ashe ruwan batir ne ya ci.

Na hau keke napep na dire batirin a ƙofar ɗakin Jang. Dattijon coci ne, na tarar yana shan gwate. Siman ya leƙo ya koma ciki.

"Matar yaya, sauke murya," in ji Jang. "Aikin Ubangiji aka yi da shi."

"Ubangiji ne ya ce sai da batirin gwauruwa? Ga motarka can, ba ta da batir?"

"Nawa sabo ne, na ce kada su lalata..." Sai ya kama bakinsa.

Na ja kujera na zauna.

"Ashe ka san yana lalacewa. To ba inda za ni. Yau ɗanka ya cire wannan sabon ya sa a motata. Gobe ya tsaya gaban mahauci ya faɗa da bakinsa wanda ya makarar da ni, ko mutumin zai mayar mini da kayana. In ba haka ba, ran Lahadi zan ajiye mushen nan a gaban bagade, kai da shi ku amsa a gaban jama'a. Ajiye cokalin, Jang. Kira shi ya fito."