Ƙanzon Ranar Laraba

A bazarar da jirgin ƙasa ya cika shekara biyu da isowa Maiduguri, sanƙarau ya ɗauki mijina Nasidi. Ranar Talata ya dawo daga tasha, inda yake gyaran injin jirgi, yana cewa wuyansa ya ƙage. Ranar Alhamis da hantsi aka kai shi makwancinsa. Shekararmu shida da aure, Allah bai ba mu haihuwa ba.

Muna haya ne a Abbaganaram, a gidan wata dattijuwa Babarbariya, Ya Kaltum. Abokan aikinsa suka buga wa mahaifiyarsa waya zuwa Kano. Ranar Lahadi ta iso a babbar mota, da ƙunshin kayanta da butar ƙarfe. Inno ake ce mata.

Nasidi ne ɗanta na fari, ita kuwa mutuniyar da ce mai tsananin kunya. Ban taɓa jin ta kama sunansa ba, sai dai ta ce “yaron nan”. In ya shigo ɗaki gaishe ta, bango take kallo ta amsa. Da ta iso ba ta yi kuka ba. Masu gaisuwa in sun durƙusa gabanta sai ta nuna ni da haɓa ta ce, “Ga mai rashi can.”

Amma ba ta cin abinci. Tun ranar da aka karanta mata wayar, in ji wanda ya rako ta, ruwa da goro kawai ke shiga bakinta. Ya Kaltum ta kawo burabusko, Inno ta ce ta ƙoshi. Na dama kunun gyaɗa, ta ce in rufe, ya kwana a rufe. Ranar Talata tana alwalar azahar ta faɗi kusa da randa, ni da Ya Kaltum muka ɗaga ta. Ba ta fi nauyin dammin kara ba.

Ya Kaltum ta ja ni bayan ɗaki ta ce, “Yarinya, in tsohuwar nan ta kai Juma'a a haka, gawa biyu za a fitar daga gidana. Ki san yadda za ki yi da ita.”

Yaya zan yi da ita? Surukata ce. Ko ido ba na iya haɗawa da ita.

Ɗakin da ke kallon namu na Naomi ne, matar Dzarma, abokin aikin Nasidi. Ita ta koya mini awara, lokacin ko sunan ba mu sani ba, cukun wake muke ce mata. Ta ce a wani asibitin mishan ta koya, can garinsu na kan duwatsu, inda ta yi aikin girki. Mazajenmu ke samo mana waken suya wajen masu zuwa daga kudu a jirgi. Duk Talata sai mu jiƙa, Laraba da safe Naomi ta niƙa a dutse, ni in tace da ƙyalle, mu tafasa, mu zuba ruwan tsamiya har ta kama. Sai mu ɗaure ta a ƙyalle mu danne da dutse, mu raba biyu. Ran Laraba mazan ba sa tashi daga aiki da wuri, sai gab da magariba suke shigowa da yunwa. Nasidi na shiga wanka nake ɗora kasko, kafin ya fito na sauke.

Shekarar da ta wuce, da Inno ta zo ganinmu, na taɓa kai mata. Ta juya guda ɗaya da yatsa ta ce, “Wake ne ko nono?” Na ce wake ne. Ta ce, “Ni ba na cin abin da ban san uwarsa ba,” ta ture kwanon.

To, ranar Larabar nan, bayan la'asar, masu gaisuwa sun watse, ina zaune a ƙofar ɗaki sai ga Naomi da ƙwarya a rufe da faifai.

“Sa'adiya, ga rabonki.”

Na buɗe, na ga awara fara tas, har da shatar ƙyalle a jikinta. Na ce, “Naomi, wa zai ci?”

Ta ce, “Ni ma sai da na gama niƙa na tuna. Na mutum huɗu na jiƙa jiya kamar kullum.” Idonta ya kawo ruwa, ta share da gefen zani.

“Ki mayar ku ƙara.”

“In mayar ina? Dzarma ya ce in na ƙara masa wake zai fara tsiro ta kunne. Kin ga zafin nan, kafin safe ta yi tsami. Tashi ki soya ki ba Ya Kaltum, tun da ita ba ta da haƙori.”

“Ina jinki, 'yar dutse!” in ji Ya Kaltum daga ɗakinta. “Haƙorana uku sun fi naki talatin aiki.”

Naomi ta ajiye ƙwaryar ta tafi, ta bar ni da ita. Kwana shida ban hura wuta da niyyar girki ba, sai ruwan zafi da kunu. Na jawo itace na hura. Na yanka awarar falle-falle, kaurin yatsa, na barbaɗa gishiri. Yajin yana nan a gwangwani yadda na daka shi makon da ya wuce, barkono da citta da masoro da ɗan ƙuli-ƙuli. Na zuba man gyaɗa a kasko, na jefa albasa, na jira har ta yi ja. Awara ba ta son mai mai sanyi, sai ta sha shi ta yi laɓo-laɓo. Da na jera ta, ta yi cuu, ƙamshi ya cika tsakar gida.

Zubi na farko na kwashe wa Ya Kaltum. Na biyu na kwashe a faifai. Na uku, na ƙarshe, da guntattakin da suka farfashe, na bar shi a wuta. Na bar shi har gefensa ya yi baƙi-baƙi, ya fara kama gindin kasko. Na kankare da cokali, na miƙa hannu na ɗauko kwanon Nasidi mai koren murfi, na zuba, na cika masa yaji, na rufe. Na ɗauka na nufi gindin darbejiya inda ake shimfiɗa tabarma. Na juya wajen banɗaki na ɗaga murya na ce, “Wankan ya isa haka, fito kafin ta huce!”

Sai da maganar ta fita na ji ta. Ba tabarma a gindin bishiyar. Bokitinsa yana kife a jikin bango. Na tsaya da kwano a hannu, ban san inda zan kai shi ba.

Inno tana jingine da ƙofar ɗaki a kan buzu, da carbi a hannu. Duk ta gani.

Ta ce, “Kawo nan.”

Na durƙusa na ajiye a gabanta. Ta ɗaga murfin. Ta daɗe tana kallo.

“Wuta ce ta fi ƙarfinki?”

“A'a, Inno. Haka yake so.”

“Shi ya gaya miki?”

“Bai taɓa faɗa ba. Na ga dai kullum ƙonanniyar yake fara tsincewa, sai nake bar masa zubin ƙarshe ya ƙone.”

Ta ɗauki guda ɗaya, ta juya ta. Da ta fara magana ba ni take kallo ba, kwanon take kallo.

“A gidan da na haife shi mun fi mutum goma. Uwar mijina ke rabon tuwo. Ni ba ni da ikon ƙara masa ko loma, a ce ba ni da kunya. Ko yana kuka ba na ɗaukarsa a gaban mutane. Sai na lura yana son ƙanzo, yana laɓewa bayan murhu yana kankarar tukunya. To, duk ranar girkina sai in ƙara itace in bar tuwon ya kama. Shekara takwas ana ce mini ban iya tuƙi ba. Uwar mijina har muciya ta taɓa jifana da ita.” Ta sake juya awarar. “Tuwona bai taɓa ƙonewa da kansa ba.”



Ta ce, “Ashe ya samu mai ƙona masa.”

Sai ta kai bakinta. Ina jin ƙurus-ƙurus a tsakanin 'yan haƙoranta. Ta tauna a hankali, ta haɗiye da ƙyar, yaji ya sarƙe ta, na ruga na kawo moɗa. Ta sha ta ɗauki na biyu.

“Wake kika ce?”

“Wake ne, Inno.”

“Gishirin ya yi kaɗan.”

Na kawo gishiri. Ta ci na uku, ta ci na huɗu. Ana nan ta ja mayafinta ta rufe fuska, kafaɗunta suka fara girgiza. Na tashi na koma bakin murhu na yi kamar ina kwashe garwashi, don bai kamata in gani ba. Naomi ta leƙo daga ɗakinta, na yi mata alama da hannu, ta saki labule.

Da aka kira magariba na je ɗaukar kwano. Ba komai a ciki, har yajin ta suɗe da yatsa. Ta miƙo mini ba ta dube ni ba, ta ce, “Kunun nan da kike damawa da safe, ki sa masa tsamiya sosai. Jiya na ga kamar salam yake.”

Da safe na dama, ta sha moɗa guda da rabi.